Baƙon da Na Kai Tasha

Har gobe idan aka ritsa ni aka ce in faɗi wa yake yaƙi da wa a waccan shekarar, wallahi sai dai in yi ta kame-kame. Abin da na sani shi ne ana kashe juna a Chadi, kuma rigimar ta gangaro gefen tabkin Chadi. Da safe rediyo ya ce masu bindiga sun tsallako mana iyaka. Kafin azahar wata tashar ta ce a'a, namu ne suka tsallaka musu. Da la'asar kuma sai ka ji wai wata ƙasa ta can arewa ta turo jirage, wai Turawan da suka mulki Chadi sun ce ba za su zuba ido ba, wai mu ma gobe ko jibi za mu faɗa ciki. Wai, wai, wai, har kanka ya ɗau zafi.

Ni a lokacin akawu ne a wani ofishin gwamnati a Gombe. Ina zaune a Pantami, ga sabon babur, ga agogon hannu, kuɗin man fetur da ƙasa take samu ya sa kowane ƙaramin ma'aikaci yana jin kansa. Tun da ina buga tafireta, dangi da maƙwabta duk sun ɗauka na san abin da duniya take ciki. A teburin mai shayi in gardama ta kaure sai a juyo a ce, "Malam, kai da kake cikin gwamnati, yaƙin zai zo ko ba zai zo ba?" Sai in gyara murya in zuba bayani, in koma gida ni kaina ban gane abin da na faɗa ba. Akwai taswira a bangon ofishinmu, na sha tsayawa gabanta ina neman iyakar da ake ta magana. Layin ya shiga cikin shuɗin ruwa ya ɓace, ƙasa huɗu sun cure a wurin da babban yatsana yake rufewa.

Abin da ba ya buƙatar bayani shi ne motocin soja. Suna shigowa ta hanyar Bauchi, su ratsa gari, su nufi gabas, an lulluɓe bayansu da tamfol. Mu da muka ga yaƙin basasa da wayonmu, muka ga samarin da jirgin ƙasa ya kwasa ba su dawo ba, gabanmu faɗuwa yake yi da mun ji rurinsu. Ana cikin haka takarda ta zo daga sama, ni na buga kofenta da hannuna aka rarraba wa masu unguwanni: duk wanda ya ga baƙon fuska daga ƙetare ya kai rahoto. Maigidanmu a ofis ya tara mu ya ce ma'aikacin da aka samu yana ɓoye irin waɗannan ya kuka da kansa. A gari kuma ana cewa an kama wani a tasha an jefa shi a mota, ba wanda ya san inda aka kai shi. Ko gaskiya ne, oho, amma na yarda.

A wannan makon ne, ranar Asabar da hantsi, na hau babur na tafi Tumfure gaida iyayena. Tumfuren da ba ta yau ba ce. Gonaki ne da 'yan gidaje jefi-jefi, gidanmu yana kallon titi, turakun shanu a bayansa. Ina tsayar da babur sai na ga Baba a gindin tsamiya shi da wani dogon tsoho, siriri, da malafa a gwiwarsa. Ban taɓa ganinsa ba, amma da ya buɗe baki na ji irin Fillancinsa sai na gane inda ya fito. Fillancin mutanen can ne, na tsallaken iyaka.

Baba ya ce, "Kai, zo ka gaida bappanka. Mai saniya ne." Ni ɗan fari ne, Baba bai taɓa kiran sunana ba, "kai" ne sunana a bakinsa.

Mai saniya! Ba wanda ya tashi a gidanmu bai san labarin nan ba. Lokacin babban fari, Baba ya kora garkensa can gabas neman ruwa, shanun suka yi ta faɗuwa har ya rage daga shi sai sanda. A can wannan bawan Allah, wanda rugarsu take ɓangaren Kamaru kusa da tabki, ya kamo karsana ya ɗaura wa Baba igiyarta a hannu. Al'adarmu ce, muna ce mata habbanaye. Wanda yake da shi ya ara wa wanda ya rasa, saniya ta haihu sau uku a hannunka, 'yan maruƙan naka ne, uwar kuma ka mayar wa mai ita da ƙafarka. Mai ita ba ya aike, ba ya tuni, ba ya zuwa karɓa, yin haka abin kunya ne babba. Duk shanun da suke bayan gidanmu a lokacin daga cikin wannan saniya suka fito. Ta yi haihuwa ta uku tun bara waccan, Baba yana ta shirin mayar da ita, hanya ta ɓaci, ya yi ta ɗagawa. Yanzu ga ta da ciki na huɗu ya tsufa, ga mai ita a zaune a tabarmarmu.

Na durƙusa na gaishe shi. Na tambayi iyali, ya ce jam, wato lafiya. Na tambayi shanu, ya ce jam. Yara, jam. Mutanen ruga, jam. Haka gaisuwarmu take, ko gidanka ne yake ci da wuta jam za ka ce.

Na ja Baba gefe wajen rumbu na ce, "Baba, me ya kawo shi?"

Ya dube ni kamar na zagi wani. "Ana tambayar baƙo abin da ya kawo shi? A makarantar taku aka koya maka?"

"Baba, lokacin ne ya canja. Akwai takarda. In aka kai rahoto kama shi za a yi, kuma ba mu san inda za a kai shi ba."

"Wa zai kai rahoton? Kai?"

Can sai ya sassauta murya, ya ce, "Na riƙe masa saniya ta wuce wa'adi. Ni na jawo ya tako. Shi ba zai faɗa ba, ni kuma in na ɗauko maganar, na nuna ke nan na ɗauke shi mai zuwa karɓa. Ka bari ta haihu, in haɗa masa ita da ɗanta in raka shi har gida. Kafin nan ya zauna."

"Ta haihu yaushe?"

"Wata biyu, in Allah ya so."

Wata biyu! Na ji kamar in ɗora hannu a ka. Mutum biyu, kowanne ya ba sittin baya, suna zaune tabarma ɗaya daga safe har yamma, suna hirar damina da cutar kofato, magana ɗaya da ta haɗa su kuwa ba mai taɓa ta. Ni a lokacin haushi abin ya ba ni, ba na ɓoyewa. Na ce a raina ga duniya tana shirin kamawa da wuta, su kunya ce ta dame su.

Dada, wato mahaifiyata, ita ce ta fara cewa akwai abin da bai yi mata daidai ba. Tana burga nono ta ce da ni, "Mutumin nan fa hannu rabbana ya zo. Wanda ya taso daga tabki ko ɗan guntun kanwa ai ya riƙo wa shanu. Ba buta, ba jaka. Ran da ya iso na kai masa fura, ya shanye ƙwaryar tas har ya suɗe, sannan ya zauna yana kallon ƙwaryar kamar zai yi kuka. Yaushe ka taɓa ganin dattijonmu ya cinye abinci a gidan mutane?"

Na ce, "Dada, tafiya ce mai nisa, yunwa ce."

Ta ce, "To." Ta ci gaba da burgarta. Ni hankalina ba ya kan ƙwarya, yana kan takardar da na buga.

Kwana uku ina zirga-zirga tsakanin Pantami da Tumfure bayan an tashi aiki, kullum na je sai in dawo da sabon ruɗani. Da safe, in ji Dada, tsohon yakan je turke ya tsaya wajen saniyar, yana sosa mata wuya, yana cire mata kaska, ya daɗe a can shi kaɗai. Na ce ai ga shi nan, kayansa yake dubawa. Da yamma kuma yakan zauna yana fuskantar titi. Rannan ina nan ayarin motocin soja ya zo wucewa, sai na ga ya miƙe zumbur ya shige bukka, bai fito ba sai da ƙararsu ta ɓace. Maƙwabcinmu na gabas ya ce da ni a hankali, "Malam, baƙonku ƙirga motocin nan yake yi." Maƙwabcinmu na yamma kuma ya ce, "Malam, me ya sa baƙonku yake gudun soja in ba shi da abin ɓoyewa?" To wanne zan kama? Mai ƙirgawa ne ko mai gudu? Na rasa, har na fara tambayar kaina ko dai da gaske aiko shi aka yi. Allah ya yafe mini, tsohon da ko agogo bai iya dubawa ba.

Na gwada shi sau ɗaya, Baba ya shiga alwala. Na ce, "Bappa, yaƙin nan da ake faɗa, ya iso wajenku kuwa?"

Ya daɗe yana murza bakin malafarsa. Ya ce, "Ana jin ƙara, ɗana."

"Su wa ke shigowa? Sojan gwamnati ne ko 'yan tawaye?"

"Duk kayansu iri ɗaya ne. Ba sa faɗin ko su wa ne."

"Amma ku ba abin da ya same ku?"

Ya ce, "Allah yana nan." Daidai nan Baba ya fito, ya watsa mini wani kallo, na haɗiye sauran tambayata.

Ranar Talata jauro, mai unguwarmu, ya tare ni a bakin titi. Mutumin kirki ne, abokin Baba. Ya ce, "Malam, ni ban ga kowa ba, ban ji komai ba. Amma bakin mutane ba a hannuna yake ba. In aka zo aka tambaye ni, kai ka san takardar, kai ka kawo mini ita." Na hau babur na koma gida. Ina ganin tsohon nan a bayan mota an ɗaure masa hannu, ba ya jin Turanci, Hausarsa ba ta kai ta kawo ba, ana tambayarsa yana cewa jam. Kuma, tun da gaskiya nake so in rubuta, ina ganin kaina ma an karɓe makullin ofis daga hannuna. Wanne ya fi nauyi a zuciyata ranar, har yau ban iya rabewa ba.

Sai na yanke abin da nake ganin dabara ce. Na je tasha na sami wani direban babbar mota mai zuwa Maiduguri da kayan hatsi, ya yarda zai ɗauki mutum ɗaya a gaba. Washegari da sassafe na isa Tumfure, na same su sun idar da lazimi, na durƙusa na shirga ƙaryata. Na ce labari ya iso ofishinmu, gobe 'yan sanda za su bi gida-gida. Na ce ran Juma'a za a rufe iyaka gaba ɗaya, wanda yake ciki ya zauna ciki, wanda yake waje ya zauna waje, sai bayan yaƙi. Na ce in Bappa yana so ya sake ganin iyalinsa da shanunsa, yau ce kawai.

Ba wanda ya musa mini. Ta yaya za su musa, ni ne mai gwamnati? Baba ya sunkuyar da kai. Tsohon ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "To, ɗana. Ka kyauta da ka faɗa."

Baba ya miƙe, ya nufi turke, ya fara kwance igiyar saniyar. Na bi shi da sauri na ce, "Baba, ina za ta shiga? Motar cike take da buhuna. Ga shingayen soja a hanya, ga ciki ya tsufa. In ƙura ta lafa ni da kaina zan ɗauki hayar mota in kai ta."

Baba bai ko kalle ni ba, ya riƙo igiyar ya zo ya tsaya gaban amininsa. Tsohon ya miƙe, ya ɗora hannu a kan hannun Baba ya tura igiyar baya. Ya ce, "Haba, mene ne haka? Gaishe ka na zo yi. Ka bar ta ta haihu cikin natsuwa. Ni nono bai yanke mini ba a can." Har da ɗan murmushinsa. Baba ya ce, "Na ji kunya." Ya ce, "Ba kunya tsakaninmu." Iyakar abin da suka ce wa juna ke nan a kan saniyar, duk tsawon zamansa.

Dada ta ƙulle masa dawo da ɗan man shanu a tsumma, ta kawo buta sabuwa. Na goya shi a babur, ya riƙe kafaɗata da hannu biyu, bai taɓa hawa ba, ba shi da nauyi ko kaɗan. Muka shiga gari, muka wuce sababbin benaye da ake ta ginawa, yana ta waige-waige. A tasha, ana ɗaure tamfol, ya jawo hannun rigata ya ce, "Ɗana, in tambaye ka. Akwai wani mutum a wajenmu, tsoho kamata, shanunsa sun ƙare. A babban gari irin wannan, akwai abin da irinsa zai yi ya ci abinci? Ko tsaron dabbobin wani?"

Direba yana ta danna ƙaho, ni kuma idona yana kan wani ɗan sanda da yake sayen goro a bakin ƙofa. Na ce, "Bappa, yanzu ba lokacin baƙi ba ne a nan. Ka ce masa ya yi haƙuri ya zauna inda yake."

Ya ce, "Haka ne. Zan faɗa masa." Na tallafa masa ya hau. Motar ta tashi, na tsaya har ta sha kwana, na yi ajiyar zuciya, na tafi ofis ina jin na yi abin kai. Na ceci tsoho, na ceci Baba, na ceci aikina, duk kafin ƙarfe tara.

'Yan sanda ba su zo ba. Juma'a ta zo ta wuce. Yaƙin da muke jira bai iso ba, ko kuwa ya iso wani wuri ba mu sani ba. Rediyo ya koma maganar sulhu, sannan ya koma maganar faɗa, sannan ya koma maganar siyasa. Motocin soja suka ragu, takardar da na buga ta zama abin ƙunshe ƙosai. Baba bai taɓa tambayata ina 'yan sandan ba. Da ya tambaya da na fi samun sauƙi. Saniya ta haifi mace, ya shiga shirin tafiya, yana jiran 'yar maraƙar ta yi ƙwari.

Wata Lahadi da la'asar ina Tumfure sai ga sallama. Wani fatake ne mai kawo shanu kasuwar Gombe daga can gabas, ya ce tun safe yake tambayar gidan. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka gaisa, aka yi jam, jam. Ya sha ruwa, ya ɗan dudduba tsakar gida, sannan ya ce, "Ina dattijon? 'Yarsa ce ta roƙe ni in zo in ga lafiyarsa. Ta ce in gaya masa ta sami wuri wajen dangin mijinta, ya kwantar da hankalinsa."

Baba ya ce, "Wane dattijo?"

"Mai saniya a wajenka mana. Amininka."

"Ai yana gida."

Mutumin ya ajiye kofin a hankali. Ya ce, "Wane gida? Ba ku ji ba?" Shi ba irinmu ba ne wajen nauyin baki, ɗan kasuwa ne, ya zayyana mana komai. Tun kafin damina masu bindiga suka tsallako suka faɗa wa rugar. Har yau ba a san ko na wane ɓangare ba ne. Suka kore garken kaf, 'ya'yansa maza biyu suka bi sawu, aka harbe su. Matarsa ta rasu a hanyar gudu. Ruga kam babu ita, ko turke ba a bari ba. Ya ce bayan tsohon ya binne matarsa sai ya ce da 'yar kada ta damu da shi, yana da saniya ɗaya da ta rage a duniya, tana Gombe wajen amininsa, can zai je ya zauna kusa da ita har Allah ya karɓi ransa. Da ƙafa ya taso. Ya ce tun daga ranar ba wanda ya sake ganinsa a can, kowa ya san yana Gombe.

Dada tana bakin ƙofa, na ji ta ce, "Innalillahi," ta zauna a ƙasa. Mutumin ya dubi Baba, ya dube ni, ya ga yadda muka yi, sai muryarsa ta canja.

Ya ce, "To bai iso muku ba ne? Me zan je in ce wa yarinyar?"

Baba bai ɗaga murya ba. Ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni, abin da bai saba yi ba a gaban baƙo, ya ce, "Kai ka kai shi tasha. Faɗa masa inda ka tura shi."

Ban san ko a wane gari ya sauka ba, ko direban ma ban tambayi sunansa ba.